Ƙaramar Ƙofa: Tarihin Yin Tiransifa Zuwa Manyan Jami'o'in Amurka

  

Yau maganar karatu za mu yi, amma ta fuskar tarihi. Akwai wani zance da ya zama ruwan dare a bakin matasanmu masu burin fita karatu waje, kuma dillalan neman gurbin karatu ma ba sa gajiya da maimaita shi. Wai kai dai ka samu ka shiga kowace irin makaranta a Amurka, ko da ta ƙauye ce, in ka yi shekara ɗaya sai ka yi tiransifa zuwa Harvard ko Yale, ai Obama ma haka ya yi. Zancen yana da ƙamshin gaskiya, kuma nan ne haɗarinsa yake, domin akwai iyayen da za su iya sayar da gona ko fili a kansa. Shi ne na ce bari mu koma baya mu duba ita wannan ƙofa ta canjin makaranta: wa ya sara ta, don wa aka sara ta, kuma me ya sa a wata jami'ar take da faɗi kamar ƙofar gari, a wata kuwa ko akuya sai ta karkace kafin ta wuce.

Mu fara da abin da duk ɗalibin jami'a ya sani, wato kiredit. Ka ji ana cewa wannan kwas kiredit biyu ne, wancan uku ne, sai ka ɗauka da shi aka halicci jami'a. Ba haka ba ne, ƙirƙirarsa aka yi, kuma bai wani tsufa ba. An kafa Harvard tun 1636, amma fiye da shekara ɗari biyu bayan haka, a kwalejojin Amurka duk 'yan aji ɗaya abu ɗaya suke karantawa: Latinanci, Girkanci, lissafi, sai falsafa a shekarar ƙarshe. Babu zaɓi. Ku shiga tare, ku fita tare. Sai a 1869 aka naɗa wani matashin malamin kimiyyar sinadarai mai shekara 35, Charles Eliot, shugaban Harvard. Shekara arba'in ya yi a kan kujerar, kuma babban abin da ya kawo shi ne bai wa ɗalibi damar zaɓar darussan da zai ɗauka. To da zarar kowa ya kama hanyarsa, tambaya ta taso: da me za a auna cewa wane ya cika karatu? Dole a yanka ilimi gunduwa-gunduwa a riƙa ƙirgawa.

Sai dai kowace makaranta da mudunta. Wanda ya ɗanɗana wannan da kyau shi ne W.E.B. Du Bois, fitaccen masanin nan baƙar fata. Ya gama digirinsa cif a Jami'ar Fisk da ke Nashville a 1888, makarantar baƙaƙen fata ce a kudancin ƙasar. Ya nemi Harvard, suka ɗauke shi, amma suka ce digirin nan nasa ba su ɗauke shi daidai da nasu ba. Aji uku aka saka shi. Mutum da digirinsa a hannu ya koma ya sake zama da 'yan digirin farko shekara biyu, ya fita da sakamako mai daraja a 1890, ya je Balin ta Jamus ya ƙaro karatu, ya dawo a 1895 ya zama baƙar fata na farko da ya samu digirin dakta a Harvard. A Akra ta ƙasar Gana ya rasu a 1963, can ma kabarinsa yake. Ku riƙe abin da aka yi wa digirinsa na Fisk, domin har gobe ana yin irinsa, suna kawai aka canza masa.

Mudu na bai ɗaya ya zo ne ta wata hanya da ba wanda zai zata, wato fansho. A 1905 attajirin ƙarafan nan Andrew Carnegie ya ware dala miliyan 10 don a riƙa biyan malaman jami'a kuɗin fansho. Gidauniyar da aka kafa ta ce to, sai mun san wace ce jami'a ta gaskiya, wace ce sakandare da ta ɗaura rawani. Sai ta kafa sharaɗi: duk makarantar da ke son malamanta su ci wannan kuɗi, kada ta ɗauki ɗalibi sai ya kawo adadi kaza na karatun sakandare, kuma ma'auni guda shi ne awa 120 na zaman aji a darasi ɗaya cikin shekara. Wace makaranta ce za ta so a ce malamanta sun rasa fansho? Nan da nan kowa ya bi. Daga wannan tunani na auna karatu da awa tsarin kiredit na jami'a ya zauna da gindinsa, har aka wayi gari digirin farko a Amurka kusan ko'ina kiredit 120 ne.

Ka ga kenan ilimi ya samu takardar kuɗi. Za ka iya tarawa a wannan kasuwa, ka je ka kashe a waccan. Amma kamar dai a Wapa, ba mai kawo kuɗi ke yanka farashin canji ba. Makarantar da za ta karɓe ka ita ke cewa kiredit ɗinka talatin ɗin nan, goma sha takwas ne a wajenta.

Wani namu ya ci moriyar wannan tsari tun da wuri. Nnamdi Azikiwe, wanda aka haifa a Zungeru a 1904, kuma ya tashi da Hausa a bakinsa tun yana yaro, ya isa Amurka a 1925. Ya fara da wata ƙaramar makaranta, Storer College, ya wuce Jami'ar Howard a Washinton, kuɗi suka yanke masa, ya koma Jami'ar Lincoln a jihar Pennsylvania inda ya karɓi digiri a 1930. A tsakani babu aikin da bai taɓa ba, har wanke-wanke da haƙar kwal. Duk waɗannan makarantu uku na baƙaƙen fata ne, sai daga baya ya yi digiri na biyu a Jami'ar Pennsylvania, ɗaya daga cikin manyan nan takwas da ake kira Ivy League. Da a Ingila ne, duk sauya makaranta da ya yi sai ya koma farko. Ba mamaki da ya tashi kafa jami'a a Nsukka a 1960, salon Amurka ya ɗauko, da taimakon Jami'ar Jihar Michigan.

To wannan maganar mudu kenan. Yanzu ita kanta hanyar, wato a fara a ƙaramar makaranta a ƙarasa a babba, wa ya shimfiɗa ta?

A nan sai mun ambaci William Rainey Harper, shugaban Jami'ar Shikago na farko, wadda ta buɗe a 1892. Shi Harper jami'o'in Jamus ne suka tafi da hankalinsa, inda farfesa ke bincike, ba ya ɓata lokacinsa kan yaran da suka fito daga sakandare jiya. A ganinsa shekara biyun farko na jami'a ci gaban sakandare ne kawai. Sai ya raba karatun digiri gida biyu, na ƙasa da na sama, ya kuma riƙa zuga makarantun sakandare su ɗauki nauyin na ƙasan. A 1901 shi da abokinsa J. Stanley Brown, shugaban wata sakandare a garin Joliet kusa da Shikago, suka fara gwaji da ɗalibai shida. Ɗalibai shida fa. Wannan ita ce ake lissafawa a matsayin tsohuwar kwalejin gwamnati ta shekara biyu da har yanzu take raye a Amurka, kuma daga irinta aka samu abin da yau ake kira kwalejin al'umma.

Ni abin da ke ɗaukar hankalina a nan shi ne niyyar. Mutane suna ba da labarin kamar Harper tausayin talaka ne ya dame shi. Akwai wannan, ban musa ba. Amma rabin niyyar ita ce a rage wa babbar jami'a cunkoso, a tare jama'a a waje, a tace, 'yan kaɗan su shigo. Tun ranar farko kwalejin shekara biyu aiki biyu take yi, tsani ce kuma rariya ce. A 1960 wani masanin zamantakewa, Burton Clark, ya yi nazarin irin waɗannan kwalejoji, ya nuna yadda ɗalibi ke shiga da burin wucewa jami'a, amma a hankali, da gwaje-gwaje da shawarwarin malamai, a lallaɓa shi ya sauke burin ba tare da an fito an ce masa a'a ba. Sunan da ya ba abin da Turanci, in ka juya shi zuwa Hausa, sanyaya gwiwa ne ba ragi ba ƙari.

Mu dawo kan manyan jami'o'in gabas, su Harvard da Yale da Princeton. Wani abu da zai ba ku mamaki: har zuwa farkon ƙarni na 20, shiga waɗannan wurare ba gasa ba ce irin ta yau. Jarrabawa suke yi, in ka ci, kuma ubanka zai iya biya, ka shiga. Abin da ya canza lissafin shi ne 'ya'yan baƙin haure, musamman Yahudawan da suka yi ƙaura daga gabashin Turai. Talakawa ne, amma sun riƙe karatu da haƙori. A 1900 kusan kashi 7 cikin ɗari ne na sababbin ɗaliban Harvard, zuwa 1922 sun haura kashi 20. Shugaban jami'ar na lokacin, A. Lawrence Lowell, ya ce abin ya yi yawa, ya nemi a ƙayyade su. Kuma cikin wuraren da ya fara kai hannu har da ƙofar tiransifa, inda ya so a tsananta sharaɗi a kan Yahudawan da ke neman dawowa daga wasu makarantu. Da maganar ƙayyadewa ta fito fili aka yi ca a kansa, aka ƙi amincewa da ita a hukumance. To amma an bi ta bayan gida. An iyakance yawan waɗanda za a ɗauka a shekara, sannan aka ce ba maki kaɗai za a duba ba, za a duba hali. Yaya ake gane hali? A kawo takardar shaida daga malamai, a kawo hoto, a faɗi sunan uba da inda aka haife shi, a yi rubutu a kan kai, a zo a yi hira ido da ido. Jerome Karabel ya bi diddigin takardun wannan zamani a littafinsa The Chosen na 2005, duk mai son zurfafawa ya neme shi.

Wato wannan tulin takardu da mai neman tiransifa yake haɗawa yau, rubutun bayanin kai da shaidar malamai da jerin ayyukan da ya yi a wajen aji, asalinsu kayan tankaɗe ne. Yau ana amfani da su ta wata fuskar, har ma sukan taimaki wanda ya fito daga gidan da ba kowa ba. Amma abu ɗaya bai canza ba tun zamanin Lowell: jami'ar ta riƙe wa kanta ikon ɗaukar wanda ta ga dama, ba tare da ta yi wa kowa bayani ba. Duk wanda ya ce maka yana da tabbacin za a ɗauke ka in ka biya shi kaza, to ya san abin da su kansu ma'aikatan ofishin ba su sani ba.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya girgiza komai. A 1944 aka yi dokar da ta ɗauki nauyin karatun sojojin da suka dawo daga fagen daga, fiye da miliyan biyu suka kwarara jami'o'i, har a 1947 kusan rabin ɗaliban manyan makarantun ƙasar tsofaffin sojoji ne. Magidanta, masu mata da 'ya'ya, wasu sun taɓa fara karatu a wani wuri kafin yaƙi. A wannan shekarar Jami'ar Columbia da ke Niyok ta tsara wani sashe na musamman, School of General Studies, don irin waɗannan da karatunsu ya katse. Har yanzu yana nan, kuma yana cikin ƙofofi mafi faɗi a duk Ivy League.

Amma inda aka mayar da tiransifa alkawari na gwamnati, Kalifoniya ce. Nan nake so mu ɗan zauna, don a ganina shi ne zuciyar labarin.

Ƙarshen shekarun 1950 jama'a na ta tururuwa zuwa jihar, yaran da aka haifa bayan yaƙi sun kusa isa jami'a, kowane ɗan majalisa yana son a gina jami'a a mazaɓarsa (wannan dai ba sai na yi muku bayani ba, mun san shi a gida). Shugaban Jami'ar Kalifoniya, Clark Kerr, ya ga in aka bar abin haka, kuɗin bincike zai warwatse, Berkeley ta zama kamar kowa. Sai aka zauna aka yi wani babban tsari a 1960, Gwamna Pat Brown ya sa wa dokarsa hannu. Aka kasa manyan makarantun jihar hawa uku. Jami'ar Kalifoniya za ta ɗiba daga kashi ɗaya cikin takwas na sama na waɗanda suka gama sakandare. Kwalejojin jiha za su ɗiba daga kashi ɗaya cikin uku na sama. Kwalejojin shekara biyu kuwa, kowa ya zo.

In ka tsaya a nan, ai tsarin rufe ƙofa ne, domin a zahiri ma ƙara tsaurara shiga jami'ar aka yi. Me zai sa talakan da ke biyan haraji ya yarda? Abin da aka ba shi a madadi shi ne alkawari: ɗanka bai samu shiga daga sakandare ba, to ya je kwalejin unguwarku, in ya yi ƙoƙari shekara biyu, akwai kujerarsa a aji uku. Kuma ba a bar shi a fatar baki ba, an saka shi cikin lissafi. Aka ce jami'a ta riƙe ɗalibanta a kan kashi 40 'yan aji ɗaya da biyu, kashi 60 'yan aji uku da huɗu. Ka gane dabarar? In 'yan sama sun fi 'yan ƙasa yawa, dole wasu su shigo daga tsakiya. An bar gurbin ne da gangan tun kafin a san wa zai cike shi.

Shi ya sa yau jihar ke da kwalejojin al'umma 116, kuma manufar Jami'ar Kalifoniya ita ce duk sababbin ɗalibai biyu 'yan jihar da ta ɗauka daga sakandare, ta ɗauki ɗaya ta tiransifa. Berkeley da UCLA, waɗanda sunansu ya zagaye duniya, kowace tana ɗaukar dubbai ta wannan hanya duk shekara. A 'yan shekarun nan, cikin masu nema daga sakandare kusan ɗaya cikin goma ake ɗauka, cikin masu neman tiransifa kuwa kusan ɗaya cikin huɗu. Rassa shida daga cikin tara masu ba da digirin farko har yarjejeniya suke yi da ɗalibi a rubuce, ka cika sharuɗɗa kaza, gurbinka tabbas ne. Berkeley da UCLA da San Diego ba sa cikin masu wannan yarjejeniya. Kuma kusan tara cikin goma na waɗanda ake ɗauka daga kwalejojin jihar suke fitowa, domin don su aka yi hanyar. Wanda ya bi ta IJMB ko NCE ko difloma ya shiga aji biyu ta DE a jami'o'inmu, zai gane wannan tunani ba tare da dogon bayani ba.

To yanzu ɗauki wannan hoto ka ajiye kusa da na Princeton. A 1990 Princeton ta rufe karɓar tiransifa gaba ɗaya. Ba a rage ba, an rufe. Shekara kusan talatin ba ta ɗauki ko mutum ɗaya ta wannan hanya ba. Da ta sake buɗewa a 2018, mutum 1,429 suka nema, ta ɗauki 13. Kuma ta faɗa ƙarara su wa take nema: tsofaffin sojojin Amurka, 'yan kwalejin al'umma, da 'ya'yan marasa ƙarfi. Harvard kuma a watan Maris na 2008, bayan mutum fiye da dubu sun riga sun cike takardu sun aika, sai ta sanar cewa ba za ta ɗauki kowa ba, kuma haka za a yi shekara biyu. Dalili? Babu wurin kwana. An mayar wa mutane kuɗin fom ɗinsu, shi kenan. Ka yi tunanin wanda ya kwana uku yana gyara rubutunsa, ya bi malamai yana roƙon takardar shaida.

Wannan magana ta gado ba wasa ba ce, ita ce sirrin abin. A irin waɗannan jami'o'i kusan kowane ɗalibi a cikin makaranta yake kwana, kuma fiye da kashi 95 cikin ɗari na waɗanda suka shiga suna gamawa. Ba mai fita, to ina za a saka mai shigowa? Shi ya sa Harvard a shekara takan ɗauki mutum goma sha wani abu daga cikin masu nema sama da 1,500, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari kenan, alhali ta babbar ƙofa, wato daga sakandare, kashi uku zuwa huɗu ake ɗauka. Ma'ana wanda ya ce maka tiransifa ita ce hanya mai sauƙi zuwa Harvard, ya juya maka lissafin ne a kife. Cornell ce ta fita daban a cikin takwas ɗin, tana ɗaukar ɗaruruwa, kuma ko ita tarihinta ne ya jawo: wasu sassanta da kuɗin gwamnatin jihar Niyok ake tafiyar da su.

Obama fa? Gaskiya ne ya yi tiransifa, amma ba zuwa Harvard ba. Ya shiga Occidental College a Los Anjalis a 1979, wadda ita ma makarantar kuɗi ce mai suna, ba ta ƙauye ba. Bayan shekara biyu ya koma Columbia a 1981, ya karanta kimiyyar siyasa, ya gama a 1983. Niyok ta wancan lokaci birni ne da bai daɗe da tsallake rijiyar fatara ba, laifuka sun yi katutu, iyaye da yawa ba sa son tura 'ya'yansu, kuma kwalejin Columbia ko mata ba ta fara ɗauka ba sai a shekarar da ya fita. Gasar ba irin ta yau ba ce ko kusa. Harvard ɗin da ake jingina masa, makarantar koyon aikin lauya ce, ya shige ta a 1988 bayan ya yi shekaru yana aiki da talakawan unguwannin Shikago. Donald Trump ma haka, shekara biyu a Fordham, ya koma Wharton ta Jami'ar Pennsylvania a 1966. Akwai ma wanda ya yi tasa tafiyar a juye: Warren Buffett ya bar Wharton ɗin bayan shekara biyu ya koma jami'ar jiharsu ta Nebraska ya ƙarasa, Harvard ta ƙi ɗaukarsa digiri na biyu, ya tafi Columbia.

Akwai wani ɓangare da jami'o'in ba su cika son a tono ba. Tun 1983 mujallar U.S. News ta fara jera jami'o'i daga na ɗaya zuwa ƙasa, kuma alƙaluman da suka fi nauyi a wannan jeri na waɗanda suka shigo daga sakandare ne. 'Yan tiransifa ba sa cikin awon. Don haka makaranta za ta iya ƙuntata babbar ƙofa don a ce tana da tsada, ta kuma cike kujeru ta ƙaramar ƙofa da masu biyan kuɗi, ba tare da martabarta ta motsa ba. A 2022 wani farfesan lissafi na Columbia, Michael Thaddeus, ya tone alƙaluman da jami'arsa ke miƙawa, ya kuma ja hankali kan yadda 'yan tiransifa ke ɓacewa a lissafin. A shekarar Columbia ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18. Don haka in ka ga ƙofar tiransifa a wangale a wata jami'ar kuɗi, tambayi kanka: alkawari ne ya buɗe ta kamar na Kalifoniya, ko aljihunka ake kallo?

Wanda ya kawo mu ga ɗan uwa ko 'yar uwa da ke Kano ko Zariya ko Damagaram yana wannan lissafi. Alkawarin 1960 an yi shi ne ga masu biyan haraji a Kalifoniya. Baƙo zai iya bin hanyar, kuma da yawa suna bi, amma Jami'ar Kalifoniya kusan ba ta ba ɗalibin ƙasar waje tallafin digirin farko, kuma kuɗin shekara ɗaya da makaranta da masauki da abinci ya haura dala 70,000. Shekara biyun kwalejin al'umma sun fi araha nesa ba kusa ba, amma su ma sai ka nuna shaidar kuɗi kafin a ba ka takardar neman biza, kuma aikin da doka ta yarda ɗalibi ya yi awa 20 ne a mako, a cikin makaranta. Su kuma 'yan tsirarun jami'o'in da ke ɗaukar nauyin ɗalibi baki ɗaya ko daga ina ya fito, su ne dai masu ɗaukar mutum goma sha. A wasu da dama, tallafin da ake ba mai shigowa daga sakandare ba a ba ɗan tiransifa irinsa, balle baƙo. Inda ƙofa ke da faɗi babu kuɗi, inda kuɗi yake ƙofar ta tsuke. In kana da ƙoƙarin da zai kai ka irin waɗannan wurare kuma ba ka fara jami'a ba tukuna, ni shawarata ka buga babbar ƙofa tun farko. In kuma ka riga ka yi nisa a jami'ar gida, ka gama da sakamako mai kyau ka nemi digiri na biyu, kamar yadda Zik ya shiga Pennsylvania.

Wanda kuma ya ce shi dai sai ya gwada, to bismillah, amma ya san ƙa'idojin. Harvard tana son wanda ya gama aƙalla shekara ɗaya cur, bai kuma wuce biyu ba, kuma dole ya yi shekara biyu a wajenta kafin ta ba shi digiri. Karatun sana'a zalla ko na intanet ko na wucin gadi ba ta lissafa shi. Tana rufe karɓar takardu a farkon Maris, Kalifoniya kuwa tun ƙarshen Nuwamba, kuma ita kiredit 60 take nema. Tambayar da kusan duk jami'o'in kuɗin nan ke yi ita ce me ya sa kake son barin inda kake. Mai amsawa da cewa makarantarsa ba ta da kyau, ko kuma yana son suna, ya faɗi tun a nan. Abin da ke shiga kunnensu shi ne ka nuna ka cinye abin da ke gabanka, ka faɗi takamaiman fanni ko ɗakin bincike ko malamin da babu shi a inda kake. Kuma malaman jami'ar da kake shirin bari, su ne za su rubuta maka shaida, don haka wanda bai taɓa bari malami ya san fuskarsa ba, ya fara daga nan.

Sai batun Du Bois da na ce ku riƙe. A 2017 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto cewa ɗaliban da suka canza makaranta, a matsakaici sun yi asarar kusan kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Wannan fa a tsakanin makarantun cikin ƙasar ne, ina ga wanda ya ɗauko nasa daga wata nahiya. Kowane kiredit da aka ƙi karɓa, zango ne da za ka maimaita, kuma dala ce da wani zai biya. Saboda haka duk kwas ɗin da ka ɗauka, ka adana manhajarsa, da sunayen littattafan da aka karanta, da yawan awannin da aka yi, domin da su ake ciniki a ofishin rajista, kuma ka nemi a rubuta maka nawa za a karɓa kafin ka biya kuɗin kama gurbi.

Nan za mu dasa aya a shirin yau. Wanda ya san wani da ke shirin wannan tafiya, ya tura masa. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.